Ɗaukar Nauyin Juna a Cikin Ikilisiya

Koyarwar Kirista ta ɗora wa kowane mai bi alhakin ɗan'uwansa a cikin ikilisiya, wato taron masu bi, kuma tun zamanin manzanni an fahimci wannan alhaki a matsayin abin da ya shafi aljihu da rumbu, har Manzo Bulus ya tara gudummawa daga ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya domin matalautan masu bi na Urushalima, mutanen da yawancin masu bayarwar ba su taɓa gani ba.

An ga irin wannan a watan Oktoba na 2014, lokacin da mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na wucin gadi. Uwar wannan ikilisiya da ke Amurka, wadda mishan ɗinta suka fara aiki a Garkida a 1923, ta buɗe asusun agaji, amma nauyin yau da kullum ya faɗa ne kan iyalan da suka shimfiɗa tabarmi a falo da zaure, suka ƙara ruwa a tukunyar miya domin baƙin da suka gudo daga rikicin, waɗanda babu ranar tafiyarsu.

Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya da ake ganewa da anko, ita ce ke riƙe da wannan aiki a lokacin zaman lafiya, domin matanta ne ke kai hatsi gidan gwauruwa, su zauna da mai jinya a asibiti, su yi girki a gidan makoki. Inda aka fi samun rauni shi ne bayan makonnin farko, sa'ad da masu ta'aziyya suka watse alhali kuɗin makarantar marayu yana nan yana jira.