Kas na sutudiyo: me ya sa sautinsa ke ba wasu kunya idan suka kai shi gida?

A shagunan kayan waya na Yamai, Maraɗi da Damagaram ana samun manyan na'urorin sauraro masu rufe kunne, waɗanda aka fi sani da kas, kuma a jikin kwalin wasunsu an rubuta «studio» ko «monitor». Mai saye yakan ɗauka cewa tun da irinsa ne ma'aikatan radiyo da mawaƙa ke sawa, to babu wanda ya kai shi daɗin sauti. Sai ya je gida, ya jona shi da wayarsa, ya ji kiɗan ya bushe, ganga ba ta dukan ƙirji kamar yadda ya saba, muryar mawaƙi kuma tana sukar kunne. Wani har ya koma shago da faɗa, wai an sayar masa da jabu. Sau da yawa kuwa lafiyar kas ɗin ƙalau. Aikin da aka ƙera shi dominsa ne daban.

Kas na sutudiyo kayan aiki ne, kamar ma'aunin tela. Mai haɗa shiri a gidan radiyo yana son ya ji abin da bai kamata ya fita a iska ba: ƙugin janareta daga nesa, shuu ɗin makirfo, numfashin baƙo, ƙarar kujera. Don haka ake daidaita irin wannan kas yadda zai tona aibin sauti. Wanda yake son ya huta da waƙa bayan la'asar kuwa, ba tonon asiri yake nema ba.

Sauti hawa uku ne

Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga herz 20 zuwa herz 20.000, wato daga abin da ke kaɗawa sau 20 a daƙiƙa zuwa wanda ke kaɗawa sau dubu 20. A ƙasa, har zuwa wajen herz 250, nan ne sauti mai kauri yake, wanda matasa ke kira bas: amon babbar ganga da tambari. A tsakiya ne muryar mutum ke zaune, tare da molo, gurmi da goge. A sama kuma, daga wajen herz 4.000, akwai sauti siriri mai kaifi: kacau-kacau, tafi, da haruffan s, sh da ts a bakin mai magana.

Babu kas ɗin da ke fitar da waɗannan hawa uku daidai wa daida. Kowane kamfani yana zaɓar abin da zai ɗaga da abin da zai danne, kuma wannan zaɓin shi ne daidaiton kas, shi ke ba shi halinsa. Sony MDR-7506, wanda ya fito a 1991 kuma har yau yana cikin waɗanda aka fi gani a kan ma'aikatan radiyo da masu ɗaukar sautin fim a duniya, yana turo murya gaba, yana ɗaga sautin sama. Wajen tace hira babu kamarsa. Wajen sauraron algaita na awa biyu, kunne zai gaji. Beyerdynamic DT 770 Pro na ƙasar Jamus, wanda ke kasuwa tun 1985, yana da bas mai zurfi, amma yana da wani tsini a sama wanda ke sa harafin s ya fito kamar ana wasa wuƙa. Audio-Technica ATH-M50x na Japan ya fi su kumburin bas, shi ya sa ya fi shiga ran masu sauraron kiɗan zamani. Sennheiser HD 600 kuwa, na 1997, muryar mutum ce gwanintarsa, sai dai bas ɗinsa na can ƙasa ba shi da nauyi. Duka huɗun ana aiki da su a sutudiyo, kuma babu biyu a cikinsu masu sauti iri ɗaya.

Akwai wani abin da ke rikita lissafin. Idan mutum yana sauraron lasifika a ɗaki, sautin yana bugun bango, ya biyo ta kai da kafaɗa, ya shiga lanƙwasar kunne kafin ya isa ciki. A wannan tafiyar jiki da kansa yana ƙara wa sautin da ke wajen herz 3.000 ƙarfi sosai, ɗakin kuma yana ƙara wa bas kauri. Ƙwaƙwalwa ta saba da haka tun haihuwa, shi take ɗauka a matsayin sautin gaskiya. Kas yana tsallake ɗakin da mafi yawan wannan hanya, yana zuba sauti daf da kunne. Dole maƙerinsa ya kwaikwayi abin da aka tsallake, kuma a nan ne kamfanoni suka daɗe suna saɓani kan ko nawa za a mayar.

Abin da binciken Harman ya gano

Daga 2012 wani masanin sauti, Sean Olive, da abokan aikinsa a kamfanin Harman na Amurka, wanda ke da JBL da AKG, suka ɗauki shekaru suna gwada ɗaruruwan mutane. Ana ba mutum sauti iri-iri ba tare da ya san sunan kas ko kuɗinsa ba, ya faɗi wanda ya fi masa. Daga nan suka fitar da wani daidaito da ake kira ma'aunin Harman: bas mai ɗan tashi a can ƙasa, tsakiya a sarari, tudu a wajen herz 3.000, sannan sama ta sauka a hankali. A ƙididdigarsu, kashi 64 cikin ɗari na masu sauraro sun fi son wannan daidaito yadda yake, kashi 15 suna son a ƙara bas, kashi 21 kuma a rage shi. Masu son ƙari galibi samari ne. Masu son ragi sun fi yawa a cikin mata da waɗanda suka manyanta. AKG K371, wanda ya fito a 2019, an ƙera shi ne bisa wannan ma'auni.

Ma'aunin ba doka ba ne, tun da mutum ɗaya cikin uku bai gamsu da shi ba. Amfaninsa shi ne ya ba mai sauraro wurin farawa. Wani bincike kuma da Jeroen Breebaart ya wallafa a 2017, bayan ya duba awon kas da na'urorin kunne 283, ya nuna cewa kusan babu dangantaka tsakanin tsadar na'ura da yadda aka daidaita sautinta. Kuɗi yana sayen ƙarfe mai kyau, da fatar da ba ta saurin lalacewa, da suna. Daidaiton da zai dace da kunnen mutum kuwa ana iya samunsa a mai araha, a rasa shi a mai tsada.

Gyara ba tare da sayen wani ba

Wanda ya riga ya sayi kas na sutudiyo bai yi asara ba, domin mafi yawansu suna karɓar gyara. A wayoyi da yawa, cikin saitin sauti, akwai madaidaici mai sanduna biyar ko goma, wanda aka rubuta masa «Égaliseur» ko EQ. Sandunan hagu na bas ne, na dama na sama. A wayar Android akwai manhajar Wavelet, wadda ke ɗauke da gyaran dubban kas daga aikin AutoEQ da wani ɗan ƙasar Finlan, Jaakko Pasanen, ya buɗe wa kowa kyauta. Mutum ya rubuta sunan kas ɗinsa, manhajar ta kusantar da sautinsa ga ma'aunin Harman, shi kuma ya taɓa bas yadda ransa ke so.

Mai gyara da hannu ya fara da ragewa kafin ƙarawa. Idan s tana suka, a sauke sandar da ke wajen herz 8.000 da desibel biyu ko uku. Idan murya ta yi kamar daga cikin tulu take fitowa, laifin yana wajen herz 200 zuwa 300, a sauke nan. Ɗaga sanduna duka zuwa sama, kamar yadda wasu ke yi, ba ya ƙara komai sai karkarwa da fashewar sauti. A yi gwajin da waƙar da aka sani ciki da waje, da kuma muryar mai labarai da aka saba ji kullum, domin kunne ya fi gane ƙarya a muryar mutum. Hausa ma tana da nata gwajin: kas ɗin da ya cika bas yakan binne bambancin k da ƙ, ko s da ts, sai mai sauraron hira ko tafsiri ya riƙa ƙara ƙarfi don ya gane magana. Kuma a kwatanta kafin gyara da bayan gyara a ƙarfi ɗaya, tun da duk sautin da ya ɗan fi ƙarfi, kunne sai ya ce shi ya fi daɗi.

Wannan ruɗin yana da tushe. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa-ƙasa, bas ne kunne ke fara rasawa. Shi ya sa mai kas ɗin da ba shi da nauyin bas yake ta danna maɓallin ƙari yana neman ganga, alhali murya da sautin sama sun riga sun wuce kima. Ƙarin bas kaɗan a madaidaici ya fi masa alheri, don zai ji abin da yake nema ba tare da ya azabtar da kunne ba.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutarwa ba, yaro kuma desibel 75. Duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu: a 86 saura awa goma, a 92 saura awa biyu da rabi a mako guda. Waya da kas mai sauƙin turawa suna iya wuce 100. Hukumar ta kuma ce matasa fiye da biliyan ɗaya a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro. Ƙananan ƙwayoyin da ke karɓar sauti a can cikin kunne, idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Wanda ya cire kas ya ji kunnensa yana ƙara shi kaɗai, ko maganar mutane ta dushe masa na ɗan lokaci, to ya riga ya wuce iyaka a ranar.

A nan kas mai rufaffen baya, irin MDR-7506 da DT 770, yana da rana a garuruwanmu na hayaniya: yana tare ƙarar kabu-kabu da injin niƙa, don haka ba sai an ƙure shi ba. Mai buɗaɗɗen baya irin HD 600 na ɗaki shiru ne, komai na waje yana shiga, na kusa kuma yana jin abin da ake saurare. Sai dai rufaffen ba na tafiya a bakin titi ba ne, balle a kan babur.

Abin dubawa kafin a biya

A kwali akwai lamba da ake rubutawa da om, wato yawan turjiyar da kas ke yi wa wuta. DT 770 Pro yana zuwa da om 32, 80 ko 250, kuma a ido kusan duk ɗaya suke. Na 250, haka ma HD 600 mai om 300, an yi su ne don na'urorin sutudiyo masu ƙarfin turawa. A waya zalla sautinsu yakan fito a raunane. Mai waya ya tsaya a 80 zuwa ƙasa. Wanda wayarsa ba ta da ramin jona kas zai buƙaci ƙaramin mahaɗi na USB-C, kuma ingancinsa yana shafar sautin.

Sannan kas ba ya gyara abin da ya lalace tun daga tushe. Waƙar da aka matse ta zama ƙaramin MP3, ta bi ta wayoyi goma da WhatsApp, ko aka ɗauke ta da waya a wurin biki, kas na sutudiyo zai nuna duk tabonta fiye da na jaka biyu. Samfuran da suka yi suna kuma su ne aka fi kwaikwaya. MDR-7506 na gaske yana kusan dalar Amurka 100 a ƙasashen da ake sayar da shi kai tsaye, wajen jaka 55 zuwa 60 na sefa ke nan kafin kuɗin sufuri da kwastan. Wanda aka ce sabo ne a jaka goma, an san amsar.

Saura matashin kunnen, wato soson da aka lulluɓe da fatar roba. Bas na rufaffen kas ya dogara ne ga yadda matashin ya manne da kai. Ƙafar tabarau, ɗankwali ko rawani da ya shiga ƙarƙashinsa yana buɗe ƙofa, bas ya zube. Zafin watan Afrilu da gumi suna sa fatar ta sassaɓe, soson ya kwanta, sautin ya sauya a hankali har mai shi ya ɗauka kas ɗin ne ya tsufa. A duka samfuran nan huɗu ana cire matashin a sa sabo. A riƙa goge shi da busasshen ƙyalle bayan sauraro, a ajiye kas ɗin cikin jaka lokacin ƙurar hunturu, idan kuma za a sauya matashin a nemi irin na asali, domin mai kauri ko yadi daban yana zuwa da nasa daidaiton sautin.