Kalmar "Fifiko": Na Wane Ne?

'Yan'uwa, kalmar fifiko daga "fi" ta samo asali, kuma ba a cewa "ya fi" sai da abin gwadawa. A nan Kabo mun san dagaci ya fi mai unguwa, hakimi ya fi dagaci, hakimin ma yana da na gaba da shi. Fifikon ɗan adam ke nan: gaba da gabanta.

A Kolosiyawa 1:18, Bulus ya yi amfani da kalmar Helenanci "proteuo", wato zama na fari, ya kuma shimfiɗa ta a kan kowane abu. Wannan fifiko na Almasihu ne kaɗai, shugaban ikkilisiya, babu wani a gabansa. Tushen kalmar ya sake fitowa a 3 Yohanna 9, amma haɗe da "so". Diyotarifis mai son zama na fari ne, har aya ta 10 ta nuna yana korar 'yan'uwa daga ikkilisiya.

Saboda haka mu binciki kanmu. In dattijo ya kawo kyakkyawar shawara a majalisa, muka ji ciwo domin ba daga bakinmu ta fito ba, to fifikon wa muke tsaro?