Yadda ake ƙawata fuskar kwamfuta da hotunan shirye-shiryen talabijin, da haɗarin da ke tattare da hakan

A shagunan tura finafinai na Maraɗi, Garwa ko Njamena, kwamfuta ɗaya kan ɗauki ɗaruruwan folda, dukkansu launin rawaya iri guda. Wanda ke neman Daɗin Kowa, Kwana Casa'in ko Labarina sai ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, in kuma ba ya karatun boko sai ya jira a nuna masa. Akwai hanya mai sauƙi ta magance wannan: a sauya ɗan hoton kowace folda da hoton shirin da ke cikinta. Aikin ba ya cin ko sisi, amma yana da kyau a san yadda yake tafiya, domin da wannan dabarar ce ɓata-gari ke yaudarar masu kwamfuta.

Mene ne wannan ɗan hoto?

Ɗan hoton da ke wakiltar folda, fayil ko manhaja shi ake kira icône da Faransanci. Ya fito kasuwa ne da kwamfutar Xerox Star a 1981, sannan ya yaɗu da Macintosh ta kamfanin Apple a 1984, wadda Susan Kare ta zana wa alamominta a cikin murabba'i mai ɗigo 32 a tsaye da 32 a kwance. A 1995 Microsoft ya fitar da Plus! domin Windows 95, wanda ya ba mutane damar sauya hoton bango, alamomi da sautuka a lokaci guda. Nan da nan masoya shirye-shiryen Amurka irin su Star Trek da The Simpsons suka shiga haɗa nasu suna rabawa a intanet.

Abin lura shi ne, alamar tamkar lakabi ce da aka manna a jikin buhu. Sauya ta ba ya taɓa abin da ke ciki, kuma ba ita ce shaidar abin da ke ciki ba.

Shirya hoton

Windows na amfani da fayil mai ƙarewa da .ico, kwamfutocin Apple kuwa .icns. Sauya wa hoton JPG suna zuwa .ico ba ya aiki, dole a juya shi da manhaja. GIMP, wadda kyauta ce, tana yin hakan. Ana yanke hoton ya zama murabba'i, faɗi da tsawo daidai, sannan a fitar da shi a matsayin .ico.

Fayil ɗaya na .ico na iya ɗaukar hoto a girma daban-daban, galibi 16, 32, 48 da 256. Windows ya fara karɓar mai girman 256 ne daga Vista. Saboda alamar kan ƙanƙance ƙwarai, hoton taron 'yan wasa goma zai koma dishi-dishi. Fuska ɗaya ko tambarin shirin sun fi fitowa sarai.

Matakan sauyawa

Yawancin kwamfutocin Nijar, Kamaru, Chadi da Benin da Faransanci suke, don haka ga sunayen kamar yadda suke bayyana a Windows 10 da 11.

Domin folda, a danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta a kanta, a zaɓi Propriétés, a shiga Personnaliser, sai Changer d'icône. Daga nan a danna Parcourir, a nemo fayil ɗin .ico, a tabbatar da OK.

Domin gajeriyar hanya, wato raccourci mai 'yar kibiya a gefe, ana samun Changer d'icône a cikin Propriétés, ƙarƙashin Raccourci.

Alamomin Windows kansa, irin su Ce PC da Corbeille, ana sauya su ne ta Paramètres, sai Personnalisation, sai Thèmes, sannan Paramètres des icônes du Bureau.

Me ya sa hoton kan ɓace?

Windows ba ya haɗiye hoton a cikin folda. Yana rubuta inda hoton yake ne a wani ɓoyayyen fayil mai suna desktop.ini. Idan aka goge fayil ɗin .ico ko aka kai shi wani wuri, foldar za ta rasa hotonta. Haka ma idan aka kwafe ta zuwa wata kwamfuta aka bar hoton a baya. Mafita ita ce a ware wuri guda na dindindin a tara dukkan alamomin tun kafin a fara.

Inda haɗarin yake

Tunda kowa na iya manna kowane hoto, mai haɗa muguwar manhaja ma na iya ba ta kamannin folda ko na bidiyo. Masu yawo da filash daga shago zuwa shago sun san cutar da ke ɓoye foldodin mutum ta maye gurbinsu da gajerun hanyoyi masu suna iri ɗaya. Da zarar an danna, sai ta kama kwamfutar, daga nan ta bi duk filash ɗin da aka soka.

Abin ya taɓa wuce haka. A 2010 aka gano Stuxnet, manhajar da ta lalata na'urori a cibiyar nukiliyar Natanz ta Iran. Ta yi amfani da wata ɓaraka a yadda Windows ke nuna alamar gajeriyar hanya, ta yadda buɗe filash kaɗai ya isa, ba sai an danna komai ba. Microsoft ya toshe ɓarakar a watan Agustan shekarar.

Matakan kariya

Na farko, a umarci Windows ya riƙa nuna ƙarshen sunan kowane fayil, abin da yake ɓoyewa tun asali. Zaɓin na cikin Affichage, da sunan Extensions de noms de fichiers. Fim kan ƙare da .mp4, .mkv ko .avi. Duk "fim" ko "folda" da ya ƙare da .exe, .scr ko .vbs, manhaja ce ta yi shigar burtu.

Na biyu, alama ba ta buƙatar a girka ta. Shafin da ya ce sai an sauke wata manhaja kafin a samu tarin hotunan wani shiri, a bar shi. Haɗa hoto da hannu ya fi tsira.

Na uku, tambarin tasha kamar Arewa24, CRTV ko Télé Sahel, da hotunan 'yan wasa, suna da masu su. Ƙawata kwamfutar gida daban, sayar da su ko tallata haja da su daban.

Ga mai shago, akwai ƙarin riba: idan kowace foldarsa na ɗauke da hoton da shi ya sa da hannunsa, duk ranar da wata baƙuwar rawaya ta ɓullo da sunan shirin da ya riga ya yi wa alama, ya san lokacin binciken kwamfutar ya yi kafin ya soka filash ɗin wani abokin ciniki.