Kakin zuma ba shara ba ne

Idan manomi ya yi ɗiban zuma a karkarar Madarunfa ko Magariya, yakan matse saƙar, ya jefar da tukar a bayan gida. To, dukiya ce ya zubar. Ƙudan zuma sai sun sha kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin su fitar da kilo 1 na kaki.

Mun ga amfanin wannan kaki wajen maƙeran farfaru na gidan tarihin ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959. Maƙeri yakan murza kaki da yatsu, ya siffanta raƙumi ko raƙumin dawa irin na Kure. Sai ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa, kakin ya tsiyaye, ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Ko ba a kai ga tagulla ba, ƴaƴanmu da suka saba gina shanu da laka suna iya yin su da kaki mai launi.

Ga yadda ake shirya shi. A zuba saƙar cikin tukunyar ruwan zafi har ta narke, a tace da tsumma mai tsabta. In ya huce, kakin zai daskare a saman ruwa. Wajen sa launi, a sanya shi cikin gwangwani, a tsoma gwangwanin cikin ruwan zafi. Garin gawayi na ba da baƙi, kurkum rawaya, jar ƙasa da aka tankaɗe kuwa ja. Da ya yi ɗumi-ɗumi sai a fara da jikin dabbar, sannan wuya da ƙafafu, a cusa tsinke ciki don su tsaya. A ajiye a inuwa, domin ranar bazara tana lanƙwasa su.

Amma a yi hattara. Kada a ɗora kaki kai tsaye bisa wuta: yana narkewa tun wajen digiri 63, in ya yi zafi ainun kuma sai ya kama. Idan ya kama, a rufe da murfi ko a zuba rairayi, ban da ruwa. Kada a yi launi da baƙin garin batir, guba ne. Narkarwa aikin manya ne, kuma a nisanta ƴan dabbobin daga jarirai masu kai kome baki.

Saboda haka, ƴan'uwa masu amya, a ɗiban bana mu tara kakinmu.