Kokwambar teku: abinci ce, ba magani ba

Uwargida, in kin taɓa ganin wani abu baƙi mai ƙuraje a bidiyon girkin mutanen Sin kika yamutsa fuska, ki yi haƙuri, nima haka na yi. Sunanta kokwambar teku, amma ba ta da dangantaka da kokwambar da kike yanka wa salak. Dabba ce mai rai, tana kwance a ƙasan teku tana haɗiyar yashi, ta tsotse abin da ke ciki ta fitar da sauran. Ta dubura take numfashi. Wasu nau'ikanta kuma in abokin gaba ya matso sai su amayar da hanjinsu, daga baya wani ya tsiro. Ikon Allah!

A ƙasar Sin abincin biki ce da karrama baƙo. Busasshiya ake sayarwa, da tauri kamar itace, sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa ana tafasawa kafin ta yi laushi. Ba ta da wani ɗanɗano nata, romon da aka dafa ta a ciki take ɗauka. Ki ƙaddara ganda ce, sai dai mai tsadar cikinta kilo ɗaya kan wuce dala 1,000. Wannan kuɗin ne ya sa masunta suka kusa ƙarar da ita a tekuna da yawa, har matan wasu ƙauyukan gaɓar Madagaska suka koma kiwonta.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, wata baiwar Allah ce ta zo asibiti jininta ya hau sosai. Da na matsa mata da tambaya, sai ta fito da wata kwalba daga jaka. Ƙwayoyin kokwambar teku ne ta saya a intanet, an ce mata suna wanke jini, sai ta ajiye maganin likita wata biyu. Raina ya ɓaci, ba da ita ba, da mai tallar.

Gaskiya tana da furotin, kitsenta kaɗan ne. To amma ƙwai da wake da kifi ma suna ba ki furotin, ba tare da kin taɓa kuɗin makarantar yara ba. Binciken da ake yi a kanta yawanci bai wuce ɗakin gwaji da ɓeraye ba.

In kina shan maganin tsinka jini, ki nisance ta, domin tana iya ƙara zubar jini. Haka in abincin teku na sa miki ƙaiƙayi ko kumburi. Mai ciki da mai shayarwa kuwa, kada ku haɗiyi ƙwayar sai kun kai kwalbar likita ya gani.