Rufa-ido a gidan abinci: Me ya sa sana'ar ke da wahalar kafuwa a Kano?

A birane irin su Landan da Chicago akwai mutanen da ke ciyar da iyalinsu ta hanyar zagaya teburan gidajen abinci suna wasan rufa-ido. Ba su hawa dandamali, ba su ɗauke da manyan akwatuna. Kayan aikinsu ba su wuce cikin aljihu ba: karta, tsabar kuɗi, zobe, guntuwar igiya. Chicago ta yi suna a wannan fage tun farkon ƙarni na 20, lokacin da Matt Schulien ke nishaɗantar da baƙin gidan abincinsa a kan teburinsu.

Lissafin mai gidan abinci ne ke riƙe da sana'ar. Tsakanin lokacin da baƙo ya faɗi abin da zai ci da lokacin da za a kawo masa akwai jira, kuma a nan ƙorafi ke tsirowa. Mai rufa-ido yakan cike giɓin da wasan minti biyar zuwa goma, ya janye da zarar an ajiye faranti. Mai neman aikin yakan je wurin manaja bayan cunkoson rana ya lafa, ya nemi a gwada shi dare ɗaya kyauta. Ladan daren ba ya taka kara ya karya. Ribar tana wajen baƙon da zai gayyace shi biki daga baya.

Matashin Ɗorayi da ya koyi wannan sauri na hannu daga YouTube yana da dalilin gwada sa'a. Masana'antun Sharaɗa, Chalawa da Bompai da suka ɗauki iyayensa aiki da yawansu sun rufe, kuma Naira 71,000 da gwamnatin Kano ta sanar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi na mai takardar ɗaukar aiki ne. Sai dai masu abincin bakin kamfani ba kasuwarsa ba ne: lebura na cin garau-garau ne da idonsa a kan agogo. Gidajen da ake zama a jira abinci suna wajajen Bompai da Nasarawa, kuma kuɗin Adaidaita Sahu zuwa da dawowa, tun bayan janye tallafin fetur a Mayun 2023, na iya cinye ladan kafin a karɓe shi.

Babban cikas ɗin kuwa suna ne. Hausa na da dabo, da siddabaru, da rufa-ido, amma babu ɗaya cikinsu da ke wanke mai yin sa. Ɗan dabon da Bakano ya sani shi ne wanda ke tara jama'a a bakin kasuwa, ya nuna abin mamaki, sannan ya fito da ƙullin magani. Darajarsa ta dogara ne ga a yarda cewa yana da asiri. Sabon mai wasan yana son a fahimci akasin haka: hannu ne da atisaye kawai. Manajan da zai ba shi dama dole ya yi wa kowane tebur wannan bayani, kuma mai sayar da abinci bai buɗe shago don yin muhawara ba.

Muhawarar ma ba ta gajera ba ce. Fakhruddin al-Razi ya lissafa ruɗin ido da saurin hannu cikin nau'o'in sihiri, Ibn Kasir kuma ya kawo wannan rabe-raben a tafsirinsa. Wasu malaman zamani na bambanta wasan da aka bayyana cewa dabara ce da wanda ake da'awar gaibu a cikinsa, wasu sun haramta duka. Dokar Penal Code ta Arewa ta hukunta wanda ya nuna kansa a matsayin mai ikon maita, alhali mai wasan da ya ce dabara yake yi bai yi wannan da'awa ba. Amma a jihar da ke da Hukumar Hisbah, kuma Hukumar Tace Fina-finai ta haramta bikin Ƙauyawa a 2025, mai gidan abinci ba zai jira kotu ta fayyace masa bambancin ba. Zai ce a'a tun daga ƙofa.

Kayan wasan su ma na da nasu laifin. Karta a Kano ƙanwar caca ce. Tsaba ta daina yawo a hannun jama'a. Wanda ya ari takardar Naira 1,000 ya mayar da ita biyu ya tuno wa mutane 'yan damfarar ninka kuɗi, kuma a garin da ƙwacen waya ya addaba, baƙo mai saurin hannu ba abin maraba ba ne kusa da aljihu. Abin da ya rage masa shi ne goro, dabino, murfin lemo da roba, da kuma teburin da ke da yara.

Najeriya ta taɓa yin tauraro a wannan fage: Farfesa Peller, ɗan Iseyin, wanda ya cika manyan zaurukan taro kafin 'yan bindiga su harbe shi a gidansa da ke Ibadan ranar 2 ga Agustan 1997. Har yau labarin mutuwarsa a bakin jama'a labarin asiri ne da lokacin da ya ajiye shi.