Ciwon sha-raɓa bayan gudu: wanda ake jinya a gida da wanda ake kaiwa asibiti

Iyaye da matasa, da zarar bazara ta kama a nan Minawao, akwai kukan da ke yawan zuwa mana daga filin ƙwallo: sha-raɓa ta riƙe. Yaro yana cikin gudu sai naman bayan ƙafarsa, tsakanin gwiwa da dunduniya, ya ɗaure tamau kamar dutse, ya zube yana ihu. Mata masu doguwar tafiya neman itace su ma suna fama da shi, sau da yawa cikin dare bayan sun kwanta.

Galibi ba abin tsoro ba ne, gajiya ce. Sha-raɓa ce ke ɗaga dunduniya a kowane taku, kuma ƙasarmu a wannan lokaci ta bushe ta yi tauri, ga tsakuwa, ga shi yawancin yara da silifas suke gudu ko ƙafa ba takalmi. A watan Maris da Afrilu zafi a arewacin Kamaru, daga Garwa har Marwa, yakan wuce digiri 40. Mai gudu a irin wannan rana yana zubar da ruwa da gishiri ta gumi, tsokarsa kuma tana saurin gajiya.

Masu bin ƙwallo za su tuna Janairun 2022, lokacin da Najeriya ta ci Masar 1-0 a filin Roumdé Adjia na Garwa a gasar cin kofin Afirka. Lokacin hunturu ne, amma duk da haka da yamma aka buga, kuma ƙwararrun nan sai da suka ɗumama jiki kafin a busa usur. Yaranmu kuwa su fito da tsakar rana, ba ruwa a hannu, su faɗa gudu kai tsaye. A mayar da wasa safiya ko bayan la'asar, a fara da sassarfa na minti biyar zuwa goma, a tafi da gorar ruwa.

Idan ta ɗaure, a daina gudu a koma inuwa. A miƙe ƙafar, a ja yatsun zuwa wajen gwiwa a hankali, a riƙe kamar daƙiƙa 30, a sake har ta saki. A sha ruwa. Wanda ya yi gumi sosai a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na fakiti. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Wani ciwon dabam ne. Mutum yakan ji zafi farat ɗaya kamar an jefe shi da dutse, har ya waiwaya neman wanda ya jefe shi. Wannan tsoka ce ta yage. Ba ta son miƙewa da ƙarfi, ba ta son murza, ba ta son gashi da ruwan zafi a kwanakin farko, domin hakan na ƙara kumburi. A huta kwana biyu zuwa uku, a ɗora ƙafar bisa wani abu idan an kwanta, a sa tsumma mai ruwan sanyi. Tafiya ce farko, gudu sai an iya tsayawa a kan yatsu ba zafi. Kada a yi tsaga. Muna kuma roƙon iyaye su sa ido kan tiramol da ake saye a hannun masu talla don a ci gaba da wasa. Yana rufe zafin ne kawai, raunin na ƙaruwa, ga kama jiki, yana kuma iya jawo jijjiga.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Idan ƙafa ɗaya kaɗai ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo ko ana zaune, ana iya samun gudan jini a jijiya. Mai ciki, mai jego da wanda ya daɗe kwance yana jinya sun fi shiga wannan haɗari. Kada a murza ko kaɗan, domin gudan na iya ɓallewa ya tafi huhu. In numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji na ciwo, a kawo shi ko tsakar dare ne. Haka wanda ya ji ƙara kamar tsinkewar igiya a bayan dunduniya ya kasa ɗaga ta, wataƙila agara ce ta tsinke. Haka mai ciwon ƙafa tare da zazzaɓi, ko fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, da yaro mai sikila.

Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, ba faɗuwa ba bugu, a sanar da mu a ranar, domin sai an gwada shi ko shan inna ne.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya zo cibiyar lafiya ta sansani, ko ya gaya wa ma'aikacin lafiya na unguwarsa. Wanda ke buƙatar babban asibiti, daga nan ake tura shi Mokolo.